Bakin wa ke magana? Murya da shiru a wasannin RPG

A cikin The Witcher 3, wasan da kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya fitar a 2015, akwai wani wuri da masu wasa ba su daina maganarsa ba har yau. Geralt, jarumin wasan, ya shiga gidan wanka na birnin Novigrad ya kamo wata matsafiya mai suna Philippa. Zai fita da ita ke nan sai Dijkstra, wani ƙaton mutum da ya taɓa shugabantar 'yan leƙen asiri, ya sha gabansa. Daga cikin zaɓin da allo ya kawo akwai wanda ya ce a ture Dijkstra gefe da ƙarfi. Duk wanda ya karanta haka, abin da zai zo masa a rai shi ne a bangaje shi da kafaɗa a wuce. Amma da zarar ka danna, Geralt zai ɗirka masa naushi ya kai shi ƙasa, ya kama ƙafarsa ya karya. Daga nan kuma wani babban reshe na labarin, wanda ya shafi makircin kashe Sarki Radovid, ya rufe ke nan. Mai wasa ya nufi abu guda, jarumin da yake riƙe da linzaminsa ya aikata wani.

Karyewar wannan ƙafa tana da asali, kuma asalin yana cikin gardamar da masu wasa da masu ƙera wasanni suka shafe kusan shekara ashirin suna yi: jarumin da kake tuƙawa a wasan RPG, a ji muryarsa ne, ko a bar shi shiru ka karanta maganarsa a zuciyarka? Wanda bai saba ba zai ɗauka zancen ado ne kawai. Na daɗe ina buga irin waɗannan wasanni, kuma na gamsu cewa cikin shawarwarin da kamfani ke yankewa, kaɗan ne suka kai wannan tasiri. Ita ke yanke yawan abin da za ka iya faɗa, da inda kyamara za ta tsaya, da ko jarumin naka ne ko aro aka ba ka.

RPG sunan wasannin da mutum ke shiga rigar wani ne, ya rayu a madadinsa, ya yanke shawara da sunansa. Kakansu shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Babu kwamfuta a ciki. Mutane ne ke zagaye tebur da takarda da ƙwayoyin jefawa masu lambobi, ɗaya na ba da labari yana tafiyar da duniyar, sauran kowa na magana da bakinsa a matsayin mutumin da ya ƙirƙira, kuma babu abin da ba zai iya faɗa ba. Da aka kai wasan cikin kwamfuta sai wannan 'yanci ya kuɓuce, domin na'ura ba ta gane duk abin da ya fito daga bakin mutum. Dabarar da ta zauna daga baya ita ce a jero jumloli a allo, ka karanta, ka ɗauki wadda ta fi kusa da abin da ke ranka. Murya kuwa ba a ma zancenta, don faifai da kaset ɗin wasa na wancan zamani ba su da wurin ɗaukarta. Sai da CD ya yaɗu a shekarun 1990, DVD ya biyo baya, sannan ta samu gurbi.

Akwai wani ruɗani da ke ɓata yawancin gardamar. Jarumi mai shiru iri biyu ne, kuma suna kawai suka haɗa. Na farko shi ne na wasannin Japan, kamar jaruman Dragon Quest na Yuji Horii tun daga 1986, da Crono na Chrono Trigger a 1995. Wannan bebe ne na gaske. Iyakarsa ya gyaɗa kai, ko ka zaɓa masa e ko a'a, kuma sau da yawa in ka ce a'a sai a yi ta maimaita maka tambayar har ka ce e. Labarin a shirye yake, ba ka juya shi. An cire masa baki ne don ka sa kanka a gurbinsa. Na biyu shi ne na Fallout da Baldur's Gate da Planescape: Torment da Dragon Age: Origins. Shi wannan sautinsa ne kawai ba a ji, amma duk wasan babu wanda ya kai shi surutu. Yana gardama, yana yaudara, yana zagi, yana lallashi, yana tambaya goma a kan abu guda. Rubutun Planescape: Torment na 1999 ya kai kimanin kalmomi 800,000, kuma kaso mai tsoka a ciki hira ce tsakanin jarumin da mutanen da yake gamuwa da su.

Wannan na biyun nake karewa, saboda abin da rubutu marar murya ke ba marubuci damar yi. A Fallout na 1997 da Fallout 2 na 1998, idan ka gina jarumi mai ƙarancin basira, ka bar makin hankalinsa ƙasa da 4, maganarsa ta sauya ke nan. Ba ya iya haɗa jumla, sai gurnani da kalmomi guntu-guntu. Wasu su kore shi, wasu su tausaya masa, ayyuka da dama su wuce shi. A garin Klamath na Fallout 2 akwai wani mai tsaron shanu, Torr, wanda shi ma haka Allah ya yi shi. Mai cikakken hankali in ya zo wurinsa ba ya tsintar komai sai 'yan kalmomi a karkace. Amma idan jaruminka irinsa ne, sai wasan ya fassara gurnanin da suke yi wa juna, a ga ashe hira ce ta mutum biyu masu ladabi da iya zance. Ranar da na fara cin karo da wannan wuri na daɗe ina kallon allo ban danna komai ba, domin wani ya zauna ya rubuta hirar nan yana sane da cewa mafi yawan masu wasa ba za su taɓa ganinta ba. Haka Vampire: The Masquerade – Bloodlines na kamfanin Troika a 2004. Cikin zuriya bakwai na masu shan jini da za ka iya zaɓa akwai Malkavian, masu taɓin hankali da hangen abin da ke ɓoye. Wanda ya ɗauke su, an sake rubuta masa kusan kowace jumla daga farkon wasa har ƙarshe, duk magana mai harshen damo, wani lokaci yana faɗin abin da ke tafe ba ka gane ba sai ya auku. Har gardama yake yi da allon tsayawa na bakin titi.

Dalilin da ya sa ba a cika ganin irin wannan ba inda jarumi ke da murya, kuɗi ne da lokaci. Jumlar da ke rubuce, marubuci na iya ƙara ta yau ya goge ta gobe, har daren da za a rufe aiki. Wadda za a furta kuwa sai an kira mai sa murya situdiyo, an biya shi, darakta ya zauna da shi, an gyara sautin, an daidaita motsin leɓe da na fuska, an saita kyamara. In daga baya aka ga labarin na bukatar kwaskwarima, sai a sake nemo mutumin, wanda wataƙila yana can yana wani aikin. Ga shi kuma jarumi yana cikin kowace hira. Mai shago a wani ƙauye na iya samun jumla ashirin ya gama nasa, amma jarumi shi ne ɗaya ɓangaren duk wani zance a wasan. In an yarda mai wasa ya zaɓi namiji ko mace, komai ya ninka biyu: a Fallout 4 na 2015, Brian T. Delaney da Courtenay Taylor kowannensu ya naɗi jumla sama da 13,000. A Dragon Age: Inquisition na 2014 murya huɗu aka ɗauka, biyu na maza biyu na mata, don a ba da zaɓi tsakanin lafazin Ingila da na Amurka. To ka ɗora wani zubin na daban don jarumi marar wayo, da wani don mai taɓin hankali, sannan a maimaita duka da Faransanci da Jamusanci. Babu mai riƙe da kasafin kuɗi da zai sa hannu. Abin da ake yi shi ne a datse rassan: tambaya ta zo, amsa uku ko huɗu, dukansu su koma hanya ɗaya tun ba a yi nisa ba. Ko suna ma ba ya tsira. A Final Fantasy X na 2001, na farko mai murya a jerin, an bar mai wasa ya raɗa wa jarumin, Tidus, sunan da ya ga dama, sakamakon haka har wasan ya ƙare babu wanda ya kira shi da sunansa, ko Yuna da ke son sa.

Matsala ta biyu ita ce ta karya ƙafar Dijkstra. In za a furta jumla, rubuta ta cikakkiya a allo na nufin mutum ya karanta sannan ya zauna ya sake saurarenta, abin ya gundure shi ya riƙa tsallakewa. Kamfanin BioWare na Kanada ya kauce wa wannan a Mass Effect na 2007 da wata da'ira a ƙasan allo, kowane zaɓi 'yan kalmomi da ke nuna manufa kawai, sai jarumin, Kwamanda Shepard, ya faɗi cikakkiyar maganar da bakinsa. Hira ta koma tana gudana kamar ta fim, babu tsayawa dogon karatu, kuma a lokacin abin ya burge mutane ƙwarai. Sai dai tsakanin guntun da ka gani da jumlar da za ta fito akwai tazara. Ka ɗauki "ban yarda ba" kana nufin ka ƙi cikin mutunci, jarumi ya buɗe baki ya ci zarafin abokin tafiyarka. Ya taɓa faruwa da ni a wani wasa. Wata abokiyar tafiya da na shafe sa'o'i ina neman ta saki jiki da ni ta ba ni labarin rasuwar ɗan'uwanta, na zaɓi abin da na ɗauka ta'aziyya ce a taƙaice, sai na ji jarumina yana ce mata ta share hawaye akwai aiki a gaba. Fuskarta ta canza nan take. Na koma inda na ajiye wasan na sake zaɓa, amma ko da na gyara, raina bai koma yadda yake ba. Daga ranar na zama mai hasashen abin da wani baƙo zai faɗa da sunana.

Kamfanoni sun san da wannan, sun kuma yi ta neman magani. Dragon Age II na 2011 ya sa alama a tsakiyar da'irar da ke nuna irin maganar, ta sulhu ce ko ta barkwanci ko ta faɗa. Masu buga Fallout 4 a kwamfuta kuwa ba su jira kowa ba. Wasan bai daɗe da fitowa ba suka ƙera nasu gyaran, abin da ake kira mod, wanda ke fito da cikakkiyar jumla kafin ka danna. Da jumlolin suka bayyana sai asiri ya tonu: a wurare da dama amsoshin huɗu abu ɗaya suke faɗa, kalmomin ne kawai suka bambanta.

Duk da haka, wanda ya ce murya ba ta ƙara komai bai saurari Jennifer Hale ba. Ita ce Shepard mace, Mark Meer kuma namiji, a wasanni uku daga 2007 zuwa 2012, kuma shawarar da ka yanke a na farko tana bin ka har na uku. In ka shafe sa'o'i ɗari kana jin murya ɗaya, za ka san yadda take in ta gaji, da yadda take in tana ɓoye tsoro don kada mutanenta su karaya. Rubutu ba ya jan numfashi. Ba ya rawa a tsakiyar kalma, ba ya ɗan dakatawa kafin ya ambaci sunan wanda ya mutu. Jarumi mai murya na iya katse mutum a tsakiyar magana, ya tsaya gaban runduna ya zaburar da ita, ya yi dariya da abokai har ka ji kamar kana zaune a cikinsu.

Akwai kuma abin da ban ankara da shi ba sai a The Witcher 3 ɗin da na buɗe da shi. Geralt ya shafe babban kaso na wasan yana neman Ciri, yarinyar da ta tashi a hannunsa kamar 'yar cikinsa. Ya same ta a wata bukka a Tsibirin Hazo, bayan waɗanda ke ciki sun shaida masa ta riga ta yi sanyi. Ya tura ƙofa a hankali, ya juyo da ita ya ga fuskar, jikinsa ya mutu ya zauna a bakin gado, can kuma ya ɗago ta ya rungume. Bai ce uffan ba. Doug Cockle, mai muryarsa ta Turanci, ba shi da abin faɗa a wannan lokacin. Shirun ya yi nauyi ne saboda mun saba jin wannan kakkaurar murya tana da amsar komai, yau ga ta ta ɗauke. Jarumin da tun asali ba a jin sa ba zai iya yi mana haka ba, don shirunsa na ranar baƙin ciki ɗaya yake da na ranar cinikin takobi.

Amma a lura da abin da ya sa wannan ya yiwu. Geralt ba naka ba ne, kuma ba a taɓa ce maka naka ba ne. Daga littattafai aka ɗauko shi da tarihinsa da matan da ya so da abokan gabansa. Abin da aka ba ka shi ne zaɓi tsakanin abubuwan da mutum irinsa zai iya yi. Ba ka da ikon mayar da shi matsoraci ko ɗan fashin da ke ƙona ƙauyuka. Haka Henry ɗan maƙeri na Kingdom Come: Deliverance. Inda kamfani ya fito fili ya ce ga mutum, ga halinsa, zo ka raka shi, murya ƙara masa jini da tsoka take yi.

Inda abin ke lalacewa shi ne a yi maka alkawarin jarumi naka sannan a sa masa bakin wani, kuma Fallout 4 ne misalin da ya fi fitowa fili. Wasan ya buɗe da kai a gaban madubi kana gyara fuskarka yadda ka so, ka zaɓi suna, ka raba maki. Har mutum-mutumin gidan, Codsworth, an naɗa masa sunaye kusan dubu don ya kira ka da naka. Duk wannan cewa yake kai ne. Amma labarin ya riga ya yanke cewa kana da aure da jariri mai suna Shaun, in namiji ne tsohon soja, in mace ce mai digirin lauya, kuma an kashe abokin zamanka a kan idonka an sace ɗan. Muryar ma ta mutumin kirki ce mai ƙunar zuci. Wanda ya so zama mugun ɗan daba na kufai, ko ɗan kasuwa marar imani, zai ji muryar jaruminsa na rawa duk lokacin da aka ambaci Shaun. Wanda kuma ya rungumi zama uban da gaske zai tarar wasan na jan sa ya kwashe kwanaki yana gina matsugunai da tara tarkace, ɗan na can a hannun waɗanda suka ɗauke shi. Zaɓi huɗu ne kullum, daidai da maɓallai huɗu na abin riƙewa, kuma sau da yawa ɗaya daga ciki "gatse" kawai aka rubuta masa, ba ka san wane irin gatse zai fito ba. Wasan ya yi kasuwa sosai, yana kuma da abubuwan yabo, amma Todd Howard da ya jagoranci aikin ya amsa a 2016 cewa tsarin hirar bai yi kyau kamar sauran sassan ba. Da Bethesda, wadda ta ƙera Fallout 4, ta zo Starfield a 2023 sai ta koma jarumi marar murya. Emil Pagliarulo, jagoran tsara wasan, ya bayyana cewa sun fara ɗaukar mai sa murya, da suka saurara sai suka ji muryar ta wani takamaiman mutum ce, ba za ta zauna a bakin duk wanda mai wasa ke son zama ba.

Shiru ma yana da nasa ciwon, kuma kyamara ce ke fama shi. A zamanin da jarumi ɗan ɗigo ne da ake hange daga sama, babu mai tambayar me fuskarsa ke yi, zuciyar mai wasa ke cike sauran. Da zane ya kai ana ganin ƙwayar ido da motsin gira, sai shirun ya zama abin kallo. Dragon Age: Origins na 2009 yana cikin wasannin da na fi so a duniya, da asali shida da za ka fara da su da cikakkun jumlolinsa. Amma abokan tafiyarka Alistair ko Morrigan na zuba magana da duk wata jijiya ta fuskarsu, kyamara ta juyo kan jaruminka, ga shi tsaye ƙiƙam, ido buɗe, kamar an dasa shi. Da aka zo jawabin zaburar da runduna kafin yaƙin ƙarshe, Alistair ko Sarauniya Anora ne ke yi, kai da ka haɗa rundunar kana gefe. Yuji Horii da kansa, a wata tattaunawa da Katsura Hashino na wasannin Persona a 2024, ya ce yayin da zane ke ƙara kusantar zahiri, jarumin da ke tsaye kawai ba ya cewa komai sai ya yi kama da wawa. Mutumin da ya kusa shekara arba'in yana gina jarumai bebaye ne ke faɗin haka.

Hanyar da kamfanonin Bethesda da Obsidian suka bi a Skyrim da Fallout: New Vegas da The Outer Worlds ita ce a sa kyamara a idon jarumin lokacin hira, kada ka ga fuskarka sam. Tana aiki, sai dai hira kan koma mutum ɗaya ya kafa maka ido yana magana. Kamfanin Larian na Beljiyam ya fi zurfafa tunani a Baldur's Gate 3 na 2023. Nau'in halitta 11 da sana'ar yaƙi 12 aka ba mai wasa ya zaɓa, kowanne na buɗe jumlolin da wani ba zai gani ba, ga magana da dabbobi, ga tambayar gawa. Kowa a wasan na da murya har da motsin jiki da aka ɗauko daga 'yan wasa na gaske, jaruminka ne kaɗai ba ya furta abin da ka zaɓa. Abin da ya toshe giɓin shi ne mai ba da labari, Amelia Tyler, wadda ke gaya maka abin da ka ji a jikinka, da abin da ka hango a idon mutum, da tunanin da ya ɗarsu a ranka. Wannan mai ba da labarin teburin 1974 ne aka dawo da shi. Fuskar jarumin har yanzu takan yi wani yanayi da ba kai ka sa ta ba, amma wasan ya lashe kyautar gwarzon shekara a The Game Awards, kuma tun daga nan ya yi wuya a ce jarumi marar murya kayan da ne.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Disco Elysium na kamfanin ZA/UM, wanda marubuta 'yan Estoniya suka kafa, a 2019. Wani ɗan sanda mai bincike ya farka a ɗakin masauki a unguwar Martinaise, giya ta goge masa komai har sunansa. Basirorinsa 24 kowace na da baki a cikin kansa. Mai lissafi na kawo hujja, mai tausayi na raɗa masa cewa matar nan ɓoye kuka take, mai son maye na zuga shi ya nemi kwalba, mai son girma na cewa kada ka bari yaron nan ya raina ka. A 2021 aka fitar da sabon zubi aka sa wa komai murya, Lenval Brown ya karanta labarin da waɗannan basirori duka. Abu ɗaya aka bari a rubuce: abin da ɗan sandan ke furtawa da bakinsa. Kana jin hayaniyar cikin ƙoƙon kansa da kunnenka, amma in lokacin magana ya yi, kai ne. Abokin aikinsa Kim Kitsuragi na tsaye da littafinsa yana jira, ka karanta jumloli biyar ko shida cikakku, wata ta hankali, wata ta ban tausayi, wata ta hauka tuburan, ka ɗauki ɗaya, sai ka ji Kim ya ja numfashi kafin ya amsa. Wannan wasan ya ɗan rushe rabon da na yi a sama, domin ɗan sandan yana da tarihi tsayayye da ba kai ka rubuta ba. Sai dai tunda ya manta shi, wanda zai zama daga yau a hannunka yake, kuma daidai nan aka bar maka bakin.

Yanzu ana ta cewa ƙirƙirarriyar basira za ta kashe gardamar, tunda na'ura na iya furta jumla dubu ɗari da kowace irin murya ba tare da situdiyo ba. Masu sa murya sun hango inda aka dosa. Ƙungiyarsu ta SAG-AFTRA a Amurka ta shiga yajin aiki a kan manyan kamfanonin wasanni daga Yulin 2024 har tsakiyar 2025, kuma babban abin da aka yi ta ja a kai shi ne kada a kwafi muryar mutum ko motsinsa sai da izininsa da biyansa. Ina tare da su a wannan. Amma ko da an warware batun haƙƙi gaba ɗaya, matsalar kuɗi kawai na'ura za ta taɓa. Ɗauki jumla ɗaya da za ka faɗa wa abokin tafiyar da ya ci amanarka ya dawo yana roƙo: "Na yafe maka." Ana faɗinta da zuciya ɗaya. Ana faɗinta don an gaji da rigima. Ana faɗinta don mutane na kallo. Ana kuma faɗinta a baki, a ciki ana jiran rana. Duk wanda zai furta ta, mutum ko na'ura, dole ya ɗauki ɗaya ya zubar da ukun. Marubutan Planescape: Torment sun san da haka tun 1999, shi ya sa a wurare da dama suke kawo jumla iri ɗaya sau biyu, ɗaya an rubuta "gaskiya" a gabanta, ɗaya "ƙarya". Wanda kake magana da shi abu ɗaya yake ji ko wacce ka danna, amma wasan yana rubuta wadda ka nufa, kuma halin jaruminka yana karkata a hankali zuwa inda ka kai shi.